Tafkin gishirin nan na Qinghai, wa ya taɓa zuwa a cikinku?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah tambaya gare ni. Ina Guangzhou yanzu, kayan da na bayar a yi min masu masana'anta sun ce sai ƙarshen watan Yuli za su haɗu, to ga ni zaune ba abin da nake sai biyan kuɗin ɗaki da shan zafin garin nan. Tafintan da nake aiki da shi ya nuna min hotunan wani tafki a lardin Qinghai na nan ƙasar Sin, mutane tsaye a tsakiyar ruwa, gajimare a samansu gajimare a ƙarƙashin ƙafarsu, ya ce wai duk gishiri ne. Maman yara tana nan tare da ni kuma tunda ta gani ta ƙi barin maganar. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya min tsakani da Allah, wurin ya kai a kashe masa kuɗin jirgi? Sannan yaya batun abinci da sallah, don shi ya fi damuna.

Abba Lanzhou:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni karatu nake a Lanzhou, 'yan Qinghai maƙwabtanmu ne, jirgin ƙasa mai gudun nan wajen awa ɗaya yake kai mu Xining babban birnin lardin, kuma na je wuraren. Abu na farko da za ka gane tafkuna biyu ne mutane ke haɗawa su mayar ɗaya. Akwai tafkin Qinghai ɗin kansa, wanda lardin ya ci sunansa, shi ne tafki mafi girma a duk ƙasar Sin, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,000, in za ka zagaye shi da mota wajen kilomita 360 ne, ruwansa shuɗi ne shar kuma da zurfi, ba a tafiya a cikinsa. Wanda aka nuna maka a hoto shi ne Chaka, ƙarami ne a kan wancan, murabba'in kilomita 105, ƙasansa daskararren gishiri ne fari fat sai ɗan ruwa ya kwanta a kai iya idon sawu, shi ya sa sama take fitowa a ciki.

Hanya ɗaya ce ta haɗa su. Daga Xining zuwa bakin tafkin Qinghai ta kudu wajen kilomita 150, za ka haura dutsen Riyue ka gangara, daga nan in ka ci gaba yamma ka wuce Heimahe ka sake haura wani dutsen sai ka faɗa Chaka, daga Xining wajen kilomita 300 kenan. Yawancin mutane mota suke ɗauka da direba su yi kwana biyu ko uku. Kuma Yuli shi ne lokacin, a watan ne furen ganyen da suke matse mai da 'ya'yansa yake buɗewa, gonaki rawaya har bakin shuɗin ruwa, ga sanyi mai daɗi lokacin da Guangzhou ke dafa mutane. Sai dai ka sani duk Sinawa ma a lokacin suke zuwa don yara na hutu, masauki yana tsada.

Alhaji Na-Kwari:
Baban Hanif ka ji tsoron Allah da kuɗin nan. Dala nawa take yau? Ka baro Kano ka zo neman halal, sai ka ɗauki iyali ku hau jirgi awa uku da wani abu don ku ga gishiri. Kuɗin da za ka kashe ka ƙara a kwantena ya fi maka. In zafi ne ya dame ka ka zauna a ɗaki ka kunna na'urar sanyi.

Ɗan Agadas:
Ina bayan Alhaji a rabi. In dai gishiri ake son gani mu a Nijar muna da shi tun kaka da kakanni, ku zo Bilma ku ga ramukan Kalala, ku ga yadda ake zuba kantu a bushe shi a rana, ga beza na miya, ga Fachi a hanya, ga ayarin raƙuma da ke ratsa Tenere bayan damina su kai gero su ɗauko gishiri da dabino. Kantun da shanun Kano da Katsina ke lasa daga can yake zuwa. Abin da ke min ciwo mutanenmu sun san tafkin Caina a waya amma ba su san Bilma ba. Amma ban ce kar ya je ba, kowa da abin da ransa ke so.

Malam Jogirafi:
Ɗan Agadas ka yi gaskiya kan Bilma, amma ba abu ɗaya ba ne, ku bari in ɗan yi bayani tunda abin da nake koyarwa kenan. Abin da ya sa Qinghai ta bambanta ba gishirin ba ne, tsayin ƙasar ne. Jos da muke cewa tudu tana wajen mita 1,200 daga doron teku. Mambila wajen 1,600. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne. To garin Xining da mutane ke zaune suna kasuwa ya haura mita 2,200, wato kusan kan ƙololuwar dutsenmu mafi tsawo, kuma shi ne ake ɗauka gangare a lardin. Saman ruwan tafkin Qinghai yana wajen mita 3,200, Chaka 3,059, dutsen da Abba ya ce ana haurawa tsakaninsu ya wuce 3,800. Lardin gaba ɗaya wajen murabba'in kilomita 720,000 ne, ya haura kashi uku cikin huɗu na Najeriya, amma ƙidayar 2020 mutum miliyan 5.9 ta samu, bai kai jihar Kano ba, kuma mafi yawansu sun taru ne a kusurwar gabas wajen Xining, sauran duk fili ne da duwatsu da makiyaya.

Dalilin gishirin kuma, tafkin ba shi da mafita. Koguna suna gangarowa daga duwatsu su zuba a ciki, babbansu Buha, kowane yana ɗauke da ɗan gishirin da ya wanko daga duwatsu, ruwan ba inda zai fita sai dai rana da iska su ɗauke shi, gishirin ya zauna. Masana ƙasa sun ce a da can yana da hanya zuwa Rawayen Kogi, da ƙasa ta ɗaga duwatsun gabas sai hanyar ta toshe. Duk da haka gishirin tafkin Qinghai bai kai rabin na teku ba saboda ruwan da ke shigowa da yawa. Chaka kuwa ruwan da ke shiga kaɗan ne, wurin busasshe, shi ya sa ya ƙafe har gishirin ya daskare ya zama ƙasa.

Kuma a kudancin wannan lardin ne manyan koguna uku suka samo asali, Yangtze da Rawayen Kogi da Mekong wanda ke bi ta Laos da Kambodiya ya faɗa teku a Biyetnam. Ɗaruruwan miliyoyin mutane daga ƙanƙarar wurin nan suke sha.

Ɗan Agadas:
To Malam tsaya, Tafkin Chadi ma ai ba shi da mafita zuwa teku, me ya sa ruwansa ba gishiri har ana sha ana noma da shi?

Malam Jogirafi:
Tambaya mai kyau wallahi. Chadi yana da mafita, a ƙarƙashin ƙasa take. Ruwan yana tsiyayewa ta cikin yashi ya bi ƙasa zuwa arewa maso gabas inda ƙasa ta fi shi gangare, wajen kwarin Bodele, yana tafiya da gishirin, ga kogin Shari da ke kawo masa mafi yawan ruwansa sabo duk shekara. Gishirin bai ɓace ba, shi ne kanwar da ake haƙa a ƙananan tafkunan Kanem a gefensa. Wani bambancin kuma, Chadi ya ragu ƙwarai daga yadda yake a shekarun 1960, shi kuwa na Qinghai ya yi ta raguwa har wajen 2004 sannan ya juya yana ƙaruwa, saboda ruwan sama ya ƙaru a yankin ga ƙanƙarar duwatsu na narkewa fiye da da, har ya cinye wasu wuraren kiwo na bakinsa.

Maman Ilham:
Ni dai bari in yi magana a matsayin wadda ta je, kuma don Maman Hanif nake yi. Daga Yiwu muka tafi da wata ƙawata, hotunan nan ne suka ja mu kamar yadda suka ja ta. Yaya, hoton nan sai Allah ya yi maka gam da katar da ranar da ba iska kuma rana ta fito. Mu ranar da muka isa Chaka hadari ne ga iska tana kaɗawa, ruwan ya yi toka-toka, ba sama ba gajimare a ciki, ga jama'a ba masaka tsinke kowa da jan gyale yana neman inda zai tsaya, ga wurin da ke kusa da ƙofa an tattake shi gishirin ya yi baƙi, sai ka shiga ɗan ƙaramin jirgin ƙasan da ke ciki ya kai ka can nesa kafin ka samu mai tsabta. Ana ba da hayar wani takalmin roba da ake sawa a kan naka, ku karɓa, don gishirin yana da kaifi kuma akwai ramuka baƙaƙe a ciki da ƙafa ke zurmawa, in kun ga wuri ya yi duhu kar ku taka.

Amma tafkin Qinghai ɗin, shi kam ban yi da-na-sanin kuɗina ba ko kaɗan. Mun tsaya a hanya na ga ruwa ya tafi har inda ido ya ƙare a saman duwatsu, ga shanun nan nasu masu dogon gashi har ƙasa da ake kira yak suna kiwo da tumaki, ga tantunan makiyaya, ba abin da bakina ke faɗi sai subhanallah. In da zan koma zan ba shi lokaci fiye da Chaka. Ku kwana kusa da Chaka ku shiga da sassafe kafin iska ta tashi da motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, in rana ba ta fito ba ku haƙura. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri ko da Yuli ne don dare sanyi ne sosai, da tabarau, da man leɓe, ranar wurin tana ƙona fata ba ka ji ba.

Baban Hanif:
Hajiya na gode, Allah ya saka da alheri, ta karanta da kanta. Abba ba ka taɓo min maganar abinci da sallah ba.

Abba Lanzhou:
Alhaji a nan kam hankalinka ya kwanta, za ka fi samun sauƙi a Xining fiye da Guangzhou nesa ba kusa ba. Kusan rabin mutanen lardin ba 'yan Han ba ne, wato ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, 'yan Tibet wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ga Musulmi 'yan Hui da yawa da 'yan Salar. Gabashin birnin unguwar Musulmi ce, maza da farar hula mata da lulluɓi, gidajen abinci da alamar 清真 a ƙofa, ita ce alamar halal. Kai shagunan taliyar hannu ɗin nan da kuke ci a Guangzhou da Yiwu masu koren allo, da yawan masu su 'yan gundumar Hualong ne ta Qinghai, ka tambayi mai shagon da kake zuwa ka ji. Ku nemi dafaffen naman rago da ake ci da hannu, da kindirmon yak da ake sayarwa a kwano da ɗan rawayen mai a samansa, Maman Hanif za ta so shi.

Masallacin Dongguan shi ne babba, asalinsa tun wajen 1380, in ka samu Juma'a a can dubban mutane za ka gani. Hanafawa ne, za ka ga ɗan bambanci a wasu abubuwa, ka bi liman kawai. Alƙibla yamma take ba gabas ba, kar sabo ya ja ka. Kuma da yake duk ƙasar agogon Beijing take bi, a Yuli azahar sai bayan ƙarfe ɗaya, magariba wajen takwas da rabi. In da hali ka je gundumar Xunhua wurin 'yan Salar, yarensu dangin Turkanci ne, suna ba da labarin kakanninsu daga Samarkand suka taso da farin raƙumi ɗauke da Alƙur'ani, kuma akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu da suke ajiye da shi a garin Jiezi. A bakin tafki kuma ko'ina akwai gidajen abinci na 'yan Hui a kan hanya, ka dai duba alamar kafin ka zauna.

Umar Gwammaja:
Abba ka faɗi duka mana. Masallacin da kake magana ba shi ne aka cire wa ƙubba da hasumiyoyi ba? Na ga hotunan da da na yanzu. Kar mu sa Alhaji ya tafi yana zaton komai lafiya lau ga 'yan'uwanmu a can.

Abba Lanzhou:
Haka ne Yaya Umar, ban ɓoye ba. A 2021 aka sauke koren ƙubbar da ke gaba aka sauya fasalin hasumiyoyin zuwa irin ginin Sinawa, kuma ba shi kaɗai ba ne, tsari ne na gwamnati da ya shafi masallatai da yawa. Tsohon ɗakin sallar na katako dama can ginin Sinawa ne, yana nan ana sallah a ciki. Shawarata ga Alhaji ya je ya yi sallarsa ya gaisa da mutane, amma kar ya tsare wani da tambayoyin siyasa, shi zai hau jirgi ya tafi, su kuma a nan za su zauna da abin da ya biyo baya.

Admin:
Jama'a an faɗi abin da ya kamata a sani, a tsaya nan kan wannan don Allah, da yawanmu a ƙasar muke zaune. A koma kan tafiya.

Dakta Zariya:
Salam. Na karanta daga sama kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo, a wurina ya fi hoto da abinci muhimmanci. Alhaji kai da Hajiya mene ne rukunin jininku, ina nufin AA ko AS ko SS? Ba tambayar wasa nake ba. A tsayin mita 3,200 duk numfashin da ka ja, iskar oksijin da ke ciki wajen kashi biyu cikin uku ce ta wadda ka saba samu a Guangzhou. Mai lafiya ma yana iya samun ciwon kai da tashin zuciya da kasa barci da haki in ya ɗan yi sauri, yawanci cikin yini na farko, kuma ba ruwansa da ƙarfinka ko ƙuruciyarka. Wannan yana wucewa in an huta. Wanda ba ya wucewa shi ne in mutum yana haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ko yana tangaɗi yana magana ba kan gado, wannan ruwa ne ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, maganinsa a sauko da shi ƙasa nan take ko tsakar dare ne, a kai shi asibiti, ba a jira gari ya waye.

Mu kuma muna da namu na daban da Sinawa ba su da shi, shi ya sa ba za ka ji tafinta ko direba ya yi maka maganarsa ba. Ƙarancin oksijin shi ne ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe jijiya. Mai SS ko SC bai kamata ya taka wurin nan ba sam. Mai AS, wanda a Najeriya kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu, yawanci yana rayuwarsa ba ya jin komai, amma a kan tudu irin wannan an sha samun waɗanda jini ya toshe musu a saifa, ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ka ƙara da mai ciki, da mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, duk su ga likita kafin su sayi tikiti.

Baban Hanif:
Innalillahi. Dakta ni AA ne amma ita AS ce, mun yi gwaji kafin aure. Wallahi ko a mafarki ban kawo wannan ba. Kenan a fasa?

Abba Lanzhou:
Dakta da girmamawa, akwai ɗan ajinmu ɗan Ghana AS ne, tare muka je har Chaka ya dawo lafiya ƙalau, har keke ya hau a bakin tafkin. Kar a tsorata Hajiya.

Dakta Zariya:
Ƙanena na yarda da kai, da yawa za su je su dawo lafiya, ban ce duk mai AS zai kwanta ba. Amma wanda ya dawo lafiya ba ya zama hujja ga wanda bai je ba tukuna, ni waɗanda abin ya faɗa wa nake tunani, a wurin da asibiti ke da nisa kuma likitan da ke ciki wataƙila bai taɓa ganin mai sikila ba a rayuwarsa. Alhaji ban ce a fasa ba, ga yadda nake gani. Xining kanta tsayinta kusan daidai yake da yanayin iskar da ke cikin jirgin sama lokacin da yake sama, tunda ta zo Caina a jirgi ba matsala ina sa ran Xining ba za ta dame ta ba. Ku yi kwana biyu a nan ba gaggawa, ta riƙa shan ruwa sosai, ba ɗaukar kaya ba hawan bene da gudu. In jiki ya karɓa ku je tafkin da safe ku dawo Xining ku kwana, kar ku kwana a sama. Chaka ce ban so mata, saboda dutsen 3,800 ɗin da nisan hanya. A rubuta muku da Sinanci a waya cewa tana ɗauke da AS, ku nuna in wani abu ya taso. Kuma kar ta sha wani maganin tudu da za a miƙo muku a shago sai likita ya duba ta, gwangwanin oksijin da ake sayarwa a hanya yana ɗan sauƙaƙa haki na mintuna ne kawai, ba ya maye gurbin saukowa.

Maman Ilham:
Maman Hanif ki ji maganar Dakta 'yar'uwa. Wallahi in kin ga babban tafkin kin ga abin da ya fi, ni da na ga biyun nake gaya miki.

Alhaji Na-Kwari:
To ni yanzu da na ji akwai Musulmi haka da masallaci mai shekara ɗari shida na ɗan sauko. Amma ku gaya min, duk gishirin nan hoto kawai suke ɗauka a kai ko ana cin kuɗinsa?

Malam Jogirafi:
Ranka ya daɗe hoton shi ne ƙaramin abu. Chaka kanta an daɗe ana haƙar gishirin ci a cikinta tun zamanin sarakunansu, har yau ana yi. In ka ƙara yamma ka shiga kwarin Qaidam kusa da garin Golmud akwai Qarhan, filin gishiri ne da ya haura murabba'in kilomita 5,800, ya fi tafkin Qinghai faɗi, daga nan ƙasar ke samun mafi yawan sinadarin fotash da take haƙowa a gida, wanda shi ne K ɗin da ke jikin buhun takin NPK da manomanmu ke saya. Daga ruwan gishirin yankin kuma suke tace lithium na batirin waya da motocin lantarki. Ɓawon gishirin yana da ƙarfin da aka shimfiɗa titi na kilomita 32 a kansa, layin dogo ma ya bi ta kai. Layin nan shi ne wanda ya isa Golmud aka buɗe a 1984, aka ƙarasa shi zuwa Lhasa babban birnin Tibet a 2006, kilomita 1,956 daga Xining, yana haura mita 5,072 a kan duwatsun Tanggula, taragunsa da bututun oksijin a ciki. A kudu da tafkin kuma a gundumar Gonghe sun shimfiɗa allunan sola a fili mai faɗin gaske, da ciyawa ta tsiro a inuwarsu sai aka sako tumakin makiyaya suna kiwo a ƙarƙashi.

Ɗan Agadas:
Wannan ita ce maganar da ke hana ni barci Malam. Mai haƙar gishiri a Bilma yana tsaye cikin ruwan da ke cin ƙafa tun safe, ya sayar da kantu a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ba titi, ba masana'antar tacewa, ga rashin tsaro ya kori baƙin da a da suke zuwa Agadas da bikin gishirin Ingal. Rana muna da ita, gishiri muna da shi, kanwa muna da ita. Baban Hanif in ka je ka buɗe ido ka ga yadda suka tsara wurin, ƙofar shiga da hanyar katako da masu shara, ka zo ka ba mu labari, ba hoto kaɗai ba.

Umar Gwammaja:
Tambaya biyu. Ana cin kifin tafkin? Kuma tunda jirgin ƙasan ya kai Lhasa me zai hana Alhaji ya zarce?

Abba Lanzhou:
Kifin kar ma a fara. Akwai wani kifi mara ɓawo da tafkin ya shahara da shi, an kama shi ba ƙaƙƙautawa a shekarun baya har ya kusa ƙarewa ga shi ba ya girma da wuri, yanzu an hana kamawa da sayarwa, in wani ya raɗa maka yana da shi a gidan abinci ka tashi ka bar wurin don laifi ne. Amma a Yuni da Yuli yana haurowa koguna masu ruwan daɗi don ya yi ƙwai, a gundumar Gangcha ta arewa ana tsayawa a gani, ruwa ya yi baƙi da kifi. Tsibirin tsuntsaye da ake yawan faɗa an rufe shi ga masu yawo a 2017. Kuma 'yan Tibet suna girmama tafkin a addininsu, za ka ga tutoci masu launi da tulin duwatsu a baki, kar a taka kar a ɗauka, kar a shiga wanka.

Lhasa kuma baƙo ba ya shiga sai da takardar izini ta musamman bayan biza, ta hannun kamfanin yawo ake nema kuma da ɗan rakiya, sannan garin ya haura mita 3,600, da maganar da Dakta ya yi ba na Hajiya ba ne. Ko a cikin Qinghai akwai wasu wurare can yamma da ba a barin baƙi, in za ka wuce Chaka sai ka tambaya tukuna.

Baban Hanif:
Jama'a Allah ya biya ku, Dakta Allah ya ƙara basira. Mun zauna da ita mun yanke, gobe in sha Allahu za mu je asibiti a nan a duba ta, in likita ya ce ba laifi za mu tafi Xining mu daidaita tafiyar ta haɗa da Juma'a, mu je tafkin mu dawo a yini ɗaya, Chaka mun bar ta. Alhaji Na-Kwari ka yi haƙuri kwantena ba za ta ragu ba. Abba in na turo maka saƙo ta gefe za ka taimaka min da neman direba Musulmi da masauki?

Abba Lanzhou:
Turo Alhaji. Masaukin ka bari in kira su da kaina kafin ka biya, don wasu ƙananan ba sa karɓar mai fasfo na waje sai ka isa da kaya su ce babu. Ka nemi na gabashin gari kusa da Dongguan yadda za ku taka da ƙafa zuwa masallaci, fasfo kuma ya zauna a aljihunka ko'ina za ku, ana tambaya a tashar jirgi da ƙofar shiga tafkin.